Haƙƙin Nuna Wasannin Ƙwallon Ƙafa a Talabijin Tsakanin Ƙasashe Maƙwabta

Haƙƙin nuna wasa izini ne da mai gasa yake sayar wa gidan talabijin domin ya watsa wasannin gasar kai tsaye, a cikin yanki da aka ƙayyade, na wasu shekaru da aka ƙayyade. Masu sayarwa su ne hukumomin ƙwallo irin su FIFA ta duniya da CAF ta Afirka da UEFA ta Turai, da kuma masu gudanar da gasannin ƙasashe kamar Firimiyar Ingila da La Liga ta Sifaniya. Kuɗin da ake samu ta wannan hanya na cikin manyan ginshiƙan da ke riƙe da ƙwallon ƙafa a yau. Sai dai yadda ake yanka duniya yanki-yanki kafin a sayar ya sa mutane biyu masu yare ɗaya, waɗanda tafiyar awa guda ce kawai tsakaninsu, kan kalli wasa ɗaya a tashoshi daban, da harshe daban, da farashi daban, wani lokaci ma ɗaya ya gani ɗaya ya rasa.

Yadda ake sayarwa

Mai gasa yakan buɗe tayi duk bayan shekara uku ko huɗu. Kamfanoni su miƙa farashinsu, wanda ya fi tsoka ya ɗauka. Yarjejeniyar takan fayyace ƙasashen da aka yarda a nuna, da harshen sharhi, da hanyar watsawa, wato ko ta tauraron ɗan'adam, ko ta eriya, ko ta intanet, da kuma ko tasha ce ta kuɗi ko ta kyauta. Abin da ke sa farashi ya yi tsada shi ne keɓancewa: kamfani yana biyan kuɗi mai yawa ne domin ya zama babu inda za a ga wasan a yankin sai wurinsa. Saboda haka ne ake ɗora masa sharaɗin ya kulle siginarsa, kada ta buɗu sai da dikoda da katin da aka sayar a cikin yankin.

A nan matsalar take. Tauraron ɗan'adam bai san iyakar ƙasa ba. Hasken da yake jefowa kan rufe ƙasashe da dama a lokaci guda, don haka abin da ke raba mai kallo a wannan ƙasa da na waccan shi ne kati da takardar yarjejeniya kawai. Kati kuwa yana shiga aljihu ya ƙetare iyaka.

Najeriya da maƙwabtanta

A Afirka kudu da Sahara an fi raba haƙƙin manyan gasannin Turai bisa harshen da Turawan mulkin mallaka suka bari. SuperSport, na kamfanin MultiChoice na Afirka ta Kudu, shi ke riƙe da Firimiya da Gasar Zakarun Turai da Turanci da Fotugis, ana kama shi a DStv da GOtv. Canal+ na Faransa ke riƙe da su da Faransanci. A arewacin nahiyar da ƙasashen Larabawa kuma akwai beIN Sports na Ƙatar, wanda yankinsa ya haɗa da Sudan, har da Chadi, inda yake cuɗanya da yankin masu Faransanci.

Najeriya ƙasa ce mai Turanci wadda maƙwabtanta na tudu duka huɗu, Benin da Nijar da Chadi da Kamaru, ke cikin kasuwar Canal+. Iyakarta da Nijar kaɗai ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma akasarinta ta ratsa ƙasar Hausa ce. Mutumin Illela da na Birnin Konni kasuwarsu ɗaya, haka na Jibiya da na Maraɗi, haka na Daura da na Matamaye. Amma idan Arsenal za ta kara da Chelsea, a ƙa'ida ɗaya zai ji sharhi da Turanci, ɗaya da Faransanci, alhali da Hausa za su yi gardamar wasan bayan an tashi. Hatta dish ɗinsu ba wuri ɗaya yake kallo ba: na DStv a wannan yanki yana fuskantar taurarin Eutelsat da ke digiri 36 gabas, na Canal+ kuma yana fuskantar tauraron SES da ke digiri 22 yamma. Wannan rabo bai yi la'akari da Hausa ba sam, duk da miliyoyin masu kallo da ke magana da ita a ɓangarorin biyu. Inda Hausa ta samu gurbi da wuri shi ne rediyo, wanda haƙƙinsa daban ake sayarwa, kuma Sashen Hausa na BBC ya shahara da kawo sharhin wasannin Firimiya kai tsaye ga masu sauraro a duk faɗin yankin.

Bambancin kuɗin ƙasa ma na da tasiri. Da dala ko yuro ko fam ake sayen haƙƙi, amma da kuɗin gida mai kallo yake biya. Sefa a ɗaure take da yuro kan sefa 655.957 a yuro ɗaya, don haka kamfanin da ke karɓar sefa ya san abin da zai samu. Naira kuwa ta faɗi ƙwarai bayan da aka sake ta a watan Yunin 2023, kuma MultiChoice ya yi ta ƙara farashi a Najeriya daga 2023 zuwa 2025, har ta kai shi ga taƙaddama da hukumar kare masu saye ta FCCPC. Duk da ƙarin, idan aka juya shi zuwa dala, kuɗin wata a Najeriya ya kasance ƙasa da na wasu ƙasashen yankin. Wannan ne ya tayar da rigima a Ghana a 2025, lokacin da ministan sadarwa Samuel Nartey George ya yi barazanar dakatar da lasisin MultiChoice, yana mai cewa 'yan Ghana na biyan fiye da ninki biyu na abin da 'yan Najeriya ke biya. A cikin wannan rigima batun dikodojin Najeriya da ake shigar da su Ghana ya fito fili a matsayin matsalar da ɓangarorin biyu suka yarda tana nan.

Ga yawancin masu kallo a yankin, ƙofar shiga ita ce gidan kallo. Mai gida ya sayi dikoda biyu ko uku, ya tayar da janareto, ya jera benci, kowa ya biya kuɗin wasa ɗaya ya zauna. A ƙa'idar kamfanoni, mai nuna wa jama'a don kuɗi rajistar kasuwanci ya kamata ya yi, wadda ta fi ta gida tsada. Da yawa ba sa yi. Da wuya a ga laifin talakan da ya shiga gidan kallo, tun da kuɗin watan da ke buɗe dukkan manyan wasanni ya fi ƙarfin albashin ma'aikata da dama.

Yunƙurin karya babakere

An sha gwada raba SuperSport da kasuwar Najeriya. A 2007 kamfanin HiTV na cikin gida ya samu haƙƙin Firimiya a ƙasar, abin da ya sa gidajen kallo da yawa suka kafa dish na biyu. A 2010 haƙƙin ya koma hannun SuperSport, kuma a 2011 HiTV ya durƙushe. StarTimes na China, wanda ya shigo a 2010 da haɗin gwiwar NTA, ya bi hanyar araha, ya riƙe gasanni irin su Bundesliga ta Jamus na wasu shekaru, amma Firimiya ce ke jan jama'a.

A 2020 hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin na Najeriya ta yi wa kundin ƙa'idojinta gyara, ta hana keɓancewa, ta wajabta wa mai haƙƙi ya sayar wa sauran tashoshi wani kaso. Manufar tana da kyau, amma gyaran ya ci karo da yarjejeniyoyin da aka ƙulla a ƙasashen waje, kuma a 2022 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta soke shi.

Gasannin Afirka

Abin da ya fi ciwo shi ne idan gasar ta gida ce. A 2013 ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Najeriya, BON, ta ƙi biyan kuɗin da kamfanin LC2 ya nema kan Gasar Cin Kofin Afirka, aka fara gasar a Afirka ta Kudu tashoshin kyauta na Najeriya ba sa nuna ta. A shekarar ce Super Eagles ta ɗauki kofin, bayan ta ci Burkina Faso 1-0 da ƙwallon Sunday Mba. Wanda ba shi da DStv sai ya nemi gidan kallo, ko kuma idan yana bakin iyaka ya juya eriya ya laluɓi tashar maƙwabta.

A 2015 CAF ta sayar wa kamfanin Lagardère na Faransa haƙƙin tallata gasanninta na 2017 zuwa 2028 kan dala biliyan 1. Hukumar kula da gogayyar kasuwanci ta Masar da ta ƙungiyar kasuwancin gabashi da kudancin Afirka, COMESA, suka ƙalubalanci cinikin saboda tsawonsa da kuma rashin buɗe tayi, CAF ta soke shi a Nuwamban 2019. Abin da ya biyo baya shi ne SuperSport ya daina nuna wasannin CAF na wani lokaci, masu kallo a ƙasashe da yawa suka rasa wasannin share fage. Daga baya New World TV na Togo ya ɓullo: ya samu haƙƙin Kofin Duniya na 2022 a ƙasashen Afirka masu Faransanci, sannan ya samu na gasannin CAF a kudu da Sahara. A farkon Janairun 2024 MultiChoice ya sanar cewa ba zai nuna Kofin Afirka na Kodibuwa ba, sai 'yan kwanaki kafin buɗe gasar ranar 13 ga wata aka daidaita. Tashoshin gwamnati irin su NTA da Télé Sahel kan samu irin waɗannan wasanni ta hanyar sayen kaso daga babban mai haƙƙi, ko ta ƙungiyar gidajen watsa labarai ta Afirka, AUB, mai hedikwata a Dakar.

Turai da Gabas ta Tsakiya

Shari'ar da ta fi shahara kan ƙetare iyaka da kati ita ce ta Karen Murphy, mai gidan shaye-shaye a Portsmouth ta Ingila. Ta ga kuɗin Sky, tashar da ke nuna Firimiya a Ingila, ya yi mata yawa, sai ta sayi dikoda da katin tashar Nova ta Girka tana nuna wa masu zuwa wasannin Firimiya. Aka gurfanar da ita aka ci ta tara. Ranar 4 ga Oktoban 2011 Kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa dokar da ke hana shigo da katin wata ƙasar tarayyar ta saɓa wa 'yancin kasuwanci tsakanin ƙasashen. Amma kotun ta ƙara da cewa tambari da taken gasa da zane-zanen da ke fitowa a allo mallakar Firimiya ne, nuna su ga jama'a sai da izini. Ta wannan ƙofa Firimiya ta ci gaba da kai masu irin waɗannan gidaje kotu. A Afrilun 2018 wata dokar Tarayyar Turai ta fara aiki, wadda ta ba mai rajistar kallo ta intanet damar ci gaba da kallo idan ya yi bulaguro zuwa wata ƙasar tarayyar. ECOWAS ba ta da doka makamanciyar wannan.

Ingila kanta tana da ƙa'idar da ke ba baƙi mamaki. Ba a nuna ƙwallo kai tsaye a ƙasar ranar Asabar daga ƙarfe 2:45 zuwa 5:15 na yamma, domin kada kallon talabijin ya hana mutane zuwa filayen ƙananan ƙungiyoyi. Sashe na 48 na dokokin UEFA ne ya ba da wannan dama. Sakamakon haka mai kallo a Kano ko Yamai na iya ganin wasan da mazaunin Manchester ba zai gani a gidansa ba, haka ma mazaunin Jamhuriyar Ireland yana ganin wasu daga cikinsu, maƙwabcinsa na Ireland ta Arewa ba ya gani. Firimiya na da wasanni 380 a kaka, kuma yarjejeniyar cikin gida ta fam biliyan 6.7 da ta fara a 2025 ba ta wuce kusan 270 ba.

A yankin Gulf siyasa ce ta shiga. Bayan da Saudiyya da ƙawayenta suka yanke hulɗa da Ƙatar a Yunin 2017, an hana beIN aiki a Saudiyya, sai wata tashar sata mai suna beoutQ ta fito tana kwafe shirye-shiryensa tana watsawa. Ta daina fita ta tauraron ɗan'adam a Agustan 2019. A Yunin 2020 kwamitin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ya samu Saudiyya da gazawa wajen hukunta masu satar, kuma batun na cikin abubuwan da suka jinkirta sayen Newcastle United da asusun zuba jarin Saudiyya ya kammala a Oktoban 2021.

Zamanin intanet

Da kallo ya koma waya, kulle ya koma bin adireshin intanet na mai kallo: manhaja ta duba ƙasar da yake, ta buɗe ko ta rufe. Masu kallo su ma suka koma amfani da VPN, mai ɓoye ƙasar da mutum yake, da shafukan sata da ƙananan akwatunan da ake sayarwa a kasuwa. Kamfanoni sun fahimci cewa araha ta fi kame tasiri, shi ya sa a 2024 Showmax, dandalin kallo ta intanet na MultiChoice, ya fito da tsarin kallon Firimiya a waya kaɗai kan farashi mai sauƙi. Tsadar data da raunin sabis a karkara sun rage amfanin wannan ga mutanen kan iyaka.

Babban sauyi na baya-bayan nan ya zo ne a Satumban 2025, lokacin da Canal+ ya kammala karɓe ragamar MultiChoice. Yanzu kamfani ɗaya ne ke riƙe da manyan gasannin Turai da Turanci da Faransanci da Fotugis a kudu da Sahara. Wannan na iya sauƙaƙa haɗa tashoshin ɓangarorin biyu da ƙara sharhi da harsunan gida, amma kuma ya rage masu gogayya a wurin tayi da wurin sa farashi, kuma hukumomin da ke sa ido, irin su NBC da FCCPC a Najeriya, ikon kowaccensu bai wuce iyakar ƙasarta ba.