Me ake nufi da "sabis" a jirgi mai saukar ungulu?

Direban tirotiro (ƙaramar bas ta haya) a unguwar Nima ta Accra in ya ce zai kai mota sabis, nufinsa a juye baƙin mai, a canza filta, a ɗan shafa giris, kuma galibi sai injin ya fara kuka. Injiniyan helikwafta a filin jirgin saman Accra ko a sansanin sojan sama na Burma Camp kalmar ɗaya yake faɗa, sai dai shi lissafin awoyi ne ke kiransa. Sabis a wurinsa shi ne aikin da littafin kamfanin da ya ƙera jirgin ya yanke: a duba kaza, a zuba kaza, bayan awa kaza a sama ko wata kaza a kalanda, duk wanda ya riga cika. Jirgi na lafiya ƙalau ake shigar da shi.

A ɗauki Robinson R44, ƙaramin jirgi mai kujera huɗu. Ana juye man injinsa duk awa 50 ko wata 4, ana yi masa babban dubawa duk awa 100, in ya kai awa 2,200 ko shekara 12 kuwa sai a warware shi kaf. Ko yana ajiye watannin na tafiya, domin man da ya daɗe zaune yana tara ruwa, ruwan ya haifi tsatsa a cikin injin.

Giris shi ne inda aka fi raina aikin, kuma nan aka fi ɓata shi. Da farko a goge bakin da ake ɗura shi tas, don kada famfo ya tura ƙasa ciki. Sai a riƙa matsawa a hankali, ana juya abin da hannu, har tsohon giris mai duhu ya fito, sabo ya biyo shi. Sannan a share duk wanda ya tsatso. In aka bar shi, ƙurar hunturun Disamba zuwa Fabrairu ta manne masa, ya koma kamar tokar goge tukunya, yana cin boris maimakon ya kare shi. Matsawa da ƙarfi kuma tana fasa robar da ke riƙe giris ɗin. Ba a haɗa iri biyu: wani da yumɓu aka kaurara shi, wani da sinadarin litiyam, in sun gauraya sai su tsinke ko su daskare. Wanda littafi ya ambata, misali AeroShell 22, shi kaɗai ake sawa. Na gwangwanin kasuwar kayan mota ta Abossey Okai na mota ne. Akwai ma boris na roba da masu shimfiɗar Teflon da ba a sa musu giris sam, lalata su yake yi.

Daga nan sai akwatin giya, wanda ke rage gudun injin ya miƙa wa babbar farfela da ta wutsiya. A gindinsa akwai wata ƙusa mai maganaɗisu. Ɗan gari mai laushi a kanta ba abin tashin hankali ba ne; ɓarɓashi mai ƙyalli kuwa alama ce haƙorin giya ko boris ya fara ɓantarewa, jirgin ba zai tashi ba sai an gano daga ina. Filtar mai ma ba a jefar da ita haka nan, ana buɗe ta a duba abin da ta kama.

Iskar teku a Accra gishiri ce, shi ya sa ake ɗauraye cikin injin mai tabain (irin na jet) da ruwa mai tsabta. Laima kuma na sa ruwa ya kwanta a ƙasan tanki, don haka kafin tashin farko na yini ake tsiyayo ɗan mai a kwalba a ɗaga shi a haske.

Kowane noti da ma'aunin ƙarfi ake ɗaure shi, wasu kuma a kulle su da waya ko fil. A ƙirga sifana da filaya, kada ɗaya ya kwana a ciki. In an taɓa sandunan tuƙi, mutum na biyu zai sake bi. A jiragen farar hula, sai injiniya mai lasisin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Ghana ya rubuta awoyin da aikin a littafin jirgin ya sa hannu, sannan a miƙa wa matuƙi.