MySQL bai haramta mazubin @ ba, alkawari ne bai taɓa yi ba

Wata magana na ta yawo tsakanin masu kula da rumbun bayanai: wai MySQL 8, fitowa ta 8 ta manhajar sarrafa rumbun bayanai mai suna MySQL, ya haramta mazubi mai alamar @, kuma duk rubutun da ke ɗauke da shi zai tsaya cik ranar da aka sabunta manhajar. Har akwai waɗanda suka ƙi sabuntawa don fargaba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma an yi wa zancen ƙari.

Mazubi dai suna ne, kamar @a, da ake ajiye ƙima a ciki don a ɗauko ta nan gaba. Tsakanin umarni da umarni, tsari tabbatacce ne: na sama sai ya gama kafin na ƙasa ya fara. Ka rubuta SET @a = 5; sannan a layi na gaba SET @b = @a + 1; to @b zai zama 6, yau da gobe. Wannan babu wanda ya taɓa shi. Rigimar tana cikin umarni guda ne. In ka zuba wa mazubi ƙima kuma ka karanta shi a umarni ɗaya, ba a lamunce maka wanne zai riga wani ba. Jagorar MySQL ta daɗe da faɗin haka, har da misalin SELECT @a, @a:=@a+1.

Abin da ya sauya a fitowar 8.0.13, a shekarar 2018, shi ne an sa zuba ƙima da := a cikin SELECT, umarnin ɗauko bayanai, da makamantansa a sahun abubuwan da za a cire nan gaba. Gargaɗi kake samu, umarnin kuma ya gudana. SET na nan daram. Waɗanda abin ya shafa su ne masu amfani da dabarar wajen ba layuka lamba ko tara jimla layi bayan layi.

To mene ne hukuncin wanda ya yi kunnen ƙashi? A nan ne masu tsoron suka yi kuskure, don da tsayawar rubutun zai yi da ya fi sauƙi. Ba zai tsaya ba. Lamba zai iya ba ka wadda ba daidai ba, ba tare da ya ce maka ba daidai ba ce. Dalili kuwa, a SQL, harshen da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, kana faɗin abin da kake so ne, injin ya zaɓi hanyar da zai bi. Ka ce @n := @n + 1 tare da ORDER BY, a zatonka za a jera layukan tukuna sannan a ƙirga. Yau haka ya faru. Gobe wani ya ƙara fihirisa mai hanzarta neman layuka, ko aka haɗo wani tebur, sai injin ya ga ya fi masa sauri ya ƙirga kafin ya jera. Na ɗaya ya koma na bakwai, rahoton kuma ya fito tsaf kamar ba komai. Mai cewa nasa ya shekara biyar yana aiki bai kawo hujja ba, sa'a ya ci.

Sashen da ya fi rikita mutane shi ne UPDATE, umarnin sauya ƙimar da ke cikin tebur. Ɗauki SET a = b, b = a a cikin UPDATE, inda ginshiƙin a ke riƙe da 1, ginshiƙin b kuma 2. A ƙa'idar SQL, duk abin da ke dama da alamar daidai ana lissafa shi ne da tsohuwar ƙima, don haka a sauran manhajojin rumbun bayanai irin su PostgreSQL da Oracle da SQL Server musanya za ka samu: 2 da 1. MySQL kuwa, in tebur ɗaya ne, daga hagu zuwa dama yake bi, sai ka tashi da 2 da 2, ƙima guda ta salwanta. In teburan sun fi ɗaya, ko wannan tsarin ma bai lamunce ba. MariaDB, manhajar da ta samo asali daga MySQL, sai da ta ƙirƙiro zaɓin SIMULTANEOUS_ASSIGNMENT a jerin 10.3 don mai son bin ƙa'idar.

Gaskiya a nan ba na ganin laifin masu rubutu kaɗai. Manhajar da ta koya maka bin hagu zuwa dama a UPDATE ita ce ta ce kada ka dogara da shi a SELECT. Kuma kafin 8.0 ba ta ba mutane wata hanya mai sauƙi ba, alhali SQL Server na da ROW_NUMBER mai ba layuka lamba tun fitowar 2005, PostgreSQL tun 2009. Wanda aka rufe wa ƙofa ya bi ta taga, ba a ce masa mai ganganci ba. (Masu SQL Server ma kada su yi dariya: SELECT @x = wani ginshiƙi, in bai sami layi ko ɗaya ba, tsohuwar ƙimar yake bari a mazubin, ba ya share ta.)

Gyaran ba shi da wuya. Ƙirga layuka a koma ROW_NUMBER() OVER, tara jimla kuma SUM() OVER, kowanne da ORDER BY nasa a ciki. Mazubin da ya dogara da wani a ba shi nasa SET a layi dabam. Wanda ke son sanin ko tsohon rubutunsa na cikin waɗanda abin ya shafa, ya gudanar da umarnin a kan MySQL 8.0.13 ko sama, ya bi shi da SHOW WARNINGS.