Gudu Don Gidajen Jinyar Yara a Ingila: Amsoshin Tambayoyin da Ake Ta Yi Mini

Tun da na fara shiga tseren tara kuɗi domin gidajen jinyar yara a nan Ingila, tambayoyi iri ɗaya ake jefo mini, a ƙofar masallaci, a wurin suna, har a waya daga gida. Bakina ya gaji. Ga amsoshin a wuri guda.

Wai wane irin gida ne wannan? Asibiti ne?

Ba asibiti ba ne. Gida ne na kula da yaran da likitoci suka tabbatar ciwonsu ba ya warkewa, kuma yana iya gajarta musu kwana. Na farkonsu a duniya shi ne Helen House da ke Oxford, an buɗe shi a 1982. Daga baya aka samu Martin House a Yorkshire a 1987, da Acorns a Birmingham a 1988, da Francis House a Manchester a 1991. Iyaye ba sa biyan ko sisi.

Ashe ba wurin da ake kai yaro ya jira ajali ba ne?

Haba jama'a! Don Allah a daina faɗin wannan magana, musamman a gaban uwar da take kai ɗanta can. Yawancin zuwan da yara ke yi na 'yan kwanaki ne, su yi wasa, a rage musu raɗaɗi, su koma gida. Akwai yaran da suke shekara da shekaru suna zuwa suna komawa. Gaskiya ne wasu a can rai ke yin halinsa, kuma ma'aikatan ba sa yasar da iyalin bayan rasuwa. Amma wannan furucin naku ya sa iyalai da yawa cikinmu suna ƙin taimakon da aka yi musu tayi, don kada a ce sun yanke ƙauna.

Kilomita nawa ne gudun fanfalaki?

Kilomita 42.195. Rabinsa 21.1, irin na Great North Run da ake tashi daga Newcastle a watan Satumba.

Me ake nufi da "hutun iyaye"? Uwa tana gajiya da ɗanta ne?

Hajiya, ba ta gajiya da ɗanta, jikinta ne ke gajiya. Ki ɗauki uwar da yaronta ba ya iya juyawa da kansa. Cikin dare sai ta tashi ta juya shi don kada jikinsa ya yi gyambo, ta zuƙe masa majina da na'ura, ta duba robar da ake ba shi abinci ta ciki, ta auna magani, kunnenta na kan ƙararrawar injin numfashi. Gari ya waye, ga sauran yara za su makaranta. A haka take ba dare ɗaya ba, ba wata ɗaya ba. A gida da kaka ce ko gwaggo za ta karɓe ta, a nan wa gare ta? Ko da akwai dangin, wa ya iya sarrafa waɗannan na'urori?

To shi ne gidan ke karɓar yaron na 'yan kwanaki, ma'aikatan jinya su ɗauke aikin daren. Iyayen in sun so su kwana a ɗakin da aka ware musu, in sun so su tafi gida su yi barci, su fita da yayye da ƙannen da aka daɗe ba a waiwaye su ba. Wasu gidajen ma har gida suke tura ma'aikaciya ta zauna na sa'o'i. Barcin wannan uwar nake yi wa gudu, ba lambar da ake rataya mini a wuya ba.

Ƙasa mai arziki kamar Ingila, me ya kawo roƙo?

Gwamnati na ba da wani kaso, amma mafi yawan kuɗin daga jama'a yake fitowa: gudummawa, shagunan gwanjo, wasiyya, da irin wannan tseren.

Me zai hana ka ba da kuɗinka kawai, ba sai ka wahalar da kanka ba?

Ina bayarwa. Amma aljihuna ɗaya ne. Mutumin da zai wuce ka in ka miƙa masa ƙoƙo, shi ne zai ciro fam goma in ya ga kana fita atisaye da asuba cikin sanyin Janairu. Tseren Landan na gudun fanfalaki kaɗai, tun da aka fara shi a 1981, ya tara wa ƙungiyoyin agaji sama da fam biliyan ɗaya.

Na karɓi gurbin tsere daga ƙungiya, na yi alkawarin tara kuɗi, ga lokaci ya ƙarato ban cika ba. Yaya zan yi?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci zama. Da farko ka san abin da ka shiga. Gurbin tseren Landan iri biyu ne ga yawancinmu. Akwai na ƙuri'a, wanda in ka dace ka biya kuɗin rajista, abin da ka tara wa ƙungiya ganin damarka ne. Akwai kuma wanda ƙungiyar ta saya da kuɗinta ta ba ka, bisa sharaɗin ka tara mafi ƙarancin wani adadi, galibi fam dubu biyu ko fiye. In irin na biyun ne a hannunka, to sun riga sun kashe kuɗi a kanka, kuma sun hana wani su ba ka.

Ko za su tilasta maka cika giɓin daga aljihunka? Ya danganta da takardar da ka sa wa hannu, don haka je ka karanta ta. Wasu ƙungiyoyin suna sa matakai, su ce ka tara kaza kafin wata kaza, in ba haka ba su janye gurbin. Wasu suna ba da ƙarin makonni bayan tsere, kuma sau da yawa kuɗi kan shigo a makon tseren da bayansa, lokacin da mutane suka ga hotonka. Amma kada ka gina lissafinka a kan wannan, ba kowa yake dacewa ba. Ka kuma tambaya ko Gift Aid, wato ƙarin da gwamnati ke mayar wa ƙungiya daga harajin mai ba da gudummawa, na shiga cikin adadin, domin da yawa ba sa ƙirga shi, sai ka ga shafinka na tara kuɗi a intanet ya nuna ka kusa alhali da saura.

Abin da zan iya ce maka ba tare da kokwanto ba shi ne ka kira su yau. Kada kunya ta sa ka yi shiru ka daina ɗaga waya. Masu kula da 'yan tsere a waɗannan gidaje sun saba da irin wannan, ba za su ci ka ba. Sannan ka tambayi wurin aikinka, wasu kamfanoni suna ninka abin da ma'aikaci ya tara har zuwa wani adadi. Ka nemi izinin limami ko shugaban ƙungiyarku a yi maka sanarwa. Uwargida ta soya masa da cincin a sayar a wurin taro. Idan kuma rauni ne ya same ka, kada ka yi gudu a kan ƙafar da ta lalace don jin nauyin mutane. Wani lokaci ana ɗage gurbin zuwa baɗi, wani lokaci ba a yi, hukuncin na ƙungiyar ne da masu shirya tseren. Ka sanar da waɗanda suka ba ka kuɗi gaskiyar lamari, kuɗinsu dai ya riga ya isa ga yaran.

'Yan uwa sun turo mini kuɗi daga gida. In saka da sunana in danna Gift Aid?

A'a. Wannan ƙarin, wanda ke mayar da fam 10 ta zama 12 da rabi, na mutumin da ke biyan haraji a Birtaniya ne, a kan kuɗin kansa. Saka kuɗin, ka bar akwatin ba dannawa. Ba a sadaka da ƙarya.

Zan iya ba da zakkata a nan?

Zakka tana da waɗanda aka ƙayyade mata, tambayi malami. Sadaka kuwa ƙofarta a buɗe take.

Ban taɓa gudu ba, ga tumbi.

Kwantar da hankalinka, Alhaji. Hukumar lafiya ta NHS tana da manhaja kyauta mai suna Couch to 5K, mako tara za ta kai ka kilomita biyar. Kowace Asabar da safe akwai parkrun, wato gudun da jama'a ke taruwa su yi tare, a filayen shaƙatawa, kyauta, kuma ba a korar mai tafiya. Akwai masu tara kuɗi da tattaki, da keke, da ninƙaya. Mata ma suna yi da hijabinsu. In kana da hawan jini ko ciwon suga, ga likita tukuna.

Yaran gida fa, ba su fi buƙata ba?

Suna buƙata ƙwarai, kuma wannan bai hana wancan ba. Amma a nan muke zaune, kuma cikin yaran da ke kwana a waɗannan gidaje har da namu.

Atisaye ya faɗo cikin azumi.

A shekarun nan haka zai riƙa yi, tunda tseren Landan a Afrilu ake yinsa, azumi kuma ya dawo wajen Fabrairu da Maris. Rage nisa, ka mayar da doguwar fita bayan buɗa baki, ka sha ruwa sosai tsakanin magariba da sahur. In jiri ya ɗebe ka, ka tsaya.