Waiwaye: Yadda kasuwar ƙananan jiragen nishaɗi ta durƙushe, da darasin Air Beetle na Kaduna

A ranar 1 ga Satumba, 2004, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta fara aiki da wata doka da ta ware sabon rukuni na ƙananan jiragen nishaɗi. Sharuɗɗan a bayyane suke: kujera biyu kacal, inji ɗaya, nauyi kada ya wuce kilo 600 da mutane da mai da komai, gudu kuma kada ya zarce kilomita 222 a awa. An kuma fito da lasisin tuƙi mai sauƙi. Mutum zai iya samunsa bayan awa 20 na koyo a sama, maimakon awa 40 da lasisin matuƙi mai zaman kansa ke buƙata, kuma lasisin tuƙin mota na iya tsayawa a madadin takardar likita. Manufar ita ce a sauko da jirgi inda mai matsakaicin hali zai iya kai hannu.

Kamfanonin Turai ne suka fara cin moriyar dokar, domin dama sun daɗe suna ƙera irin waɗannan jirage. Flight Design na Jamus ya shige gaba da jirginsa CT, Tecnam na Italiya da masu ƙira na ƙasar Cek suka biyo baya. Galibinsu injin Rotax 912 na Ostiriya suke ɗorawa, wanda ke shan fetur irin na mota. Da manyan kamfanonin Amurka suka ga kasuwa tana ci, sai suka shigo. A 2007, a babban taron jirage na Oshkosh, Cessna ya gabatar da Skycatcher a kan dala 109,500, kuma kafin a jima mutane suka ba da kafin-alƙalami na jirage fiye da 1,000. Cirrus ma ya sanar da nasa a shekarar.

Sai Satumban 2008 ya zo, bankin Lehman Brothers ya rushe, tattalin arzikin duniya ya shiga mawuyacin hali. Alƙaluman ƙungiyar masu ƙera ƙananan jirage, GAMA, sun nuna girman ɓarnar: ƙananan jirage masu injin fistan, wato irin injin mota, da aka miƙa wa masu saye sun haura 2,600 a 2007, amma a 2009 ba su kai 1,000 ba.

Dalilin da ya sa wannan rukuni ya ji jiki sosai yana wajen mai sayen ne. Wanda aka yi wa dokar ba kamfani ba ne, ba gwamnati ba ne. Yawanci dattijo ne da ya yi ritaya ko yake dab da yi, wanda dukiyarsa ke cikin gidansa da hannun jarin da ya tara don tsufa. Gidaje suka faɗi, hannun jari ya zube, bankuna suka ɗaure bakin jaka. Ana ta kai, wa ke ta kaya? Jirgin da za a hau ranar Asabar don a sha iska shi ne abu na farko da magidanci zai soke daga lissafi. Matsin ya kuma sa masu tsofaffin jirage suka fito da su kasuwa a kan araha, har ya zama da rabin kuɗin sabon jirgin nishaɗi mutum zai sayi tsohon Cessna 172 mai kujera huɗu, wanda kowane makanike ya san cikinsa.

Amma ni ban yarda a ɗora wa karayar tattalin arziki laifin duka ba. Alkawarin araha ya fara karyewa tun kafin bankuna su rushe. Jiragen da ake shigowa da su daga Turai da kuɗin yuro ake ƙera su, kuma a tsakiyar 2008 yuro ɗaya ya kai kusan dala 1.60. Masu ƙira kuma suka yi ta cusa na'urori masu tsada a gaban matuƙi, saboda abin da masu kuɗi ke so ke nan. Kamfanoni da dama suka yi ta wawason 'yan ɗaruruwan masu saye a shekara, babu wanda ke ƙera adadin da zai sa farashi ya sauka.

Labarin Skycatcher ya isa misali. Cessna ya kai aikin ƙirarsa Shenyang a ƙasar Sin don rage kuɗi, abin da ya fusata wasu masu saye a Amurka. Jiragen gwaji biyu suka faɗi, ɗaya a 2008 ɗaya a 2009, sai da aka sake gyaran wutsiyarsa. A ƙarshen 2011 farashi ya tashi zuwa dala 149,000, mutane suka yi ta karɓar kafin-alƙalaminsu. A 2013 shugaban kamfanin, Scott Ernest, ya faɗa a fili cewa jirgin ba shi da makoma. Waɗanda aka sayar ba su kai 200 ba, ragowar da ba su samu mai saye ba kuma aka farfasa su a 2016. Cirrus ya jingine nasa tun 2009. Kamfanin Piper na Amurka ya shigo a Janairun 2010 da jirgin da ya ɗauko daga wani kamfanin Cek, ya fice bayan shekara ɗaya. Shi kansa Flight Design sai da ya shiga hannun masu binsa bashi a 2016.

Mai karatu a Kawo ko Tudun Wada zai ce, mu ina ruwanmu? Ruwanmu kuwa babba ne, domin a Kaduna aka taɓa harhaɗa ƙananan jirage masu kujera biyu. Air Beetle, wanda ya fara tashi a 1989, an gina shi ne a kan zanen RV-6A na kamfanin Van's na Amurka, kuma kamfanin AIEP, wanda aka fi sani daga baya da DANA, ya haɗa guda 60 a tsohon filin jirgin sama na garin nan domin horar da matuƙan sojin sama. Ya fi jiragen nishaɗi nauyi, ya kuma riga dokar 2004 zuwa duniya, amma dangin juna ne. 'Ya'yan ƙasar nan ne suka yi aikin da hannunsu, wannan abin alfahari ne har gobe. Matsalarsa ita ce mai saye ɗaya gare shi. Da rundunar ta karɓi nata, babu wata kasuwa ta fararen hula da za ta riƙe masana'antar. Lokacin da aka tashi neman sababbin jiragen koyo, Pakistan aka je aka sayo Super Mushshak guda 10, na farkonsu suka iso a ƙarshen 2016, shekarar da tattalin arzikin Najeriya ya karye.

Lissafin naira ya fi ban tsoro. A 2008, lokacin da dala take wajen naira 118, Skycatcher bai wuce naira miliyan 13 ba. A 2024, da dala ta haura naira 1,500, jirgin dala 150,000 ya zama naira miliyan 225, ban da kuɗin fito da inshora da kayan gyara, waɗanda duk da dala ake sayensu. Ga kuma hazo. Matuƙin nishaɗi da ido yake tafiya, kuma duk wanda ya zauna a Kaduna ya san akwai ranakun Disamba da Janairu da ko manyan jirage sai sun jira gari ya washe.

Saboda haka babu wanda zai kafa kasuwar jiragen shaƙatawa a nan yana jiran magidanta su saya. Abin da ya dame ni shi ne kujerar koyo. Kowane matuƙin da ke jan babban jirgi zuwa Jidda a ƙaramin jirgi ya fara, kuma kuɗin awa ɗaya a sama shi ke yanke hukuncin ko ɗan malamin makaranta zai zama matuƙi ko sai ɗan mai hali. Kwalejin koyon tuƙin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta daɗe tana fama da tsada da ƙarancin man ƙananan jirage da ake shigowa da shi daga waje, har ta karkata ga jiragen Diamond masu shan man manyan jirage. Jirgi mai kujera biyu da ke shan fetur ɗin mota, lita goma sha wani abu a awa, zai iya rage wa ɗalibi nauyi sosai. Makaranta kuwa tana tashin jirginta kullum, tana buƙatar gyara da sassa kullum, ko kasuwar hannun jari ta hau ko ta sauka. Da ana da makarantu da ƙungiyoyin koyon tuƙi masu yawa a lokacin Air Beetle, da wataƙila masana'antar ta samu abin dogaro bayan sojoji.

A can Amurka ma an amince cewa tsohuwar dokar ta yi matsi. A Yulin 2025 FAA ta sanar da sabuwa mai suna MOSAIC, wadda ta cire iyakar kilo 600, ta kuma yarda a ƙera jirage masu kujera har huɗu a wannan rukuni. Hakan zai sa su fi amfani ga makarantu, sai dai babu abin da ke cikin dokar da zai sauko da farashi. Van's, uban gidan Air Beetle, sai da ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a Disamban 2023 kafin ya farfaɗo, kuma hanyar da ya bi ta farfaɗowar ta haɗa da ƙara kuɗin kayansa.