Wai me ake nufi da AR ne, tun da yanzu kowane tabarau AR ne?

Haruffa biyun nan sun hana kunnena sakat a 'yan watannin nan. Ka buɗe TikTok, AR. Ka leƙa zauren WhatsApp na 'yan unguwa, wani ya turo bidiyon Bature sanye da tabarau yana magana shi kaɗai a titi, an rubuta AR a ƙasa. Shekaranjiya da dare, a wani shirin Hausa na rediyo a nan Accra, mai gabatarwa ya ce wai tabarau na AR shi ne wanda idan ka saka sai ka bar Nima ka tsinci kanka a Dubai. Kafin shi na ji wani mai neman kujera a taron matasa a Mamobi yana alkawarin koya wa yaran zango "AI da AR da VR". Ya jero su kamar Hassan da Husaini da Gambo, aka yi masa tafi. Da an tsayar da shi an ce ya nuna wanne ne wanne, da taron ya tashi da wuri.

Abin da ya ƙure haƙurina a Circle, inda ake kasuwar wayoyi a Accra, ya faru. Na je canza gilashin waya, sai wani yaron shago ya tare ni: "Alhaji, zo ka ga sabon kaya, AR ne, jiya ya sauka." Na karɓa na saka. Baƙin tabarau ne, da 'yar lasifika kusa da kunne, da ƙwayar kyamara a kusurwa. Na duba hagu, na duba dama, Circle tana nan yadda na san ta, sai dai ta ƙara duhu. Na ce, "Ɗana, ina abin da ya ƙaru?" Ya ce, "Alhaji, ai yana ɗaukar hoto, yana kuma amsa kira."

Tambayar da na yi masa ita ce ma'anar kalmar gaba ɗaya. AR gajartawa ce ta kalmomin Turanci biyu, augmented reality. Ta biyun ba ta da wuya, zahiri ke nan, abin da ke gabanka. Ta farkon ce ake tsallakewa. Tushenta kalmar Latin ce, augere, wato ƙarawa, kuma daga wannan saiwa Turawa suka samo kalmarsu ta gwanjo, tun da a gwanjo kowa ƙari yake yi a kan tayin ɗan'uwansa. Ke nan AR ƙari ne a kan zahiri.

Mu kuwa muna da kalmar da ta fi tasu zama daram, har maƙwabtanmu da ba sa jin Hausa sun are ta suna cewa jara. Ina nufin gyara. Ka je wurin mai waakye, wato shinkafa da wake, da safe (waken namu ne dai aka lanƙwasa masa suna), ta zuba maka a ganye, ka ce, "Hajiya, ba gyara?" Ta harare ka, ta ɗebo 'yar taliya da gari ta ɗora a kai. To lura da abin da ya faru. Waakyenka yana nan, ba ta ɗauke shi ba. Gyaran kuma a kansa ya zauna, a cikin ganye ɗaya, idan ka juya ganyen tare suke juyawa. Wannan shi ne AR.

Yanzu a ce Hajiya ta karɓe ganyen daga hannunka, ta rufe maka ido da hoton liyafar gidan sarki. Komai kyan hoton, abin da ka saya ya tafi. Wannan VR ne, shi ne na zuwa Dubai daga Nima da mai rediyo yake nufi: a toshe maka duniya a ba ka wata. A ce kuma ta ba ka gyaran amma a ƙulle cikin wata leda daban, tana reto a yatsanka. Ƙari ne, ba a musu, sai dai bai san inda waakyen yake ba. Wannan shi ne tabarau mai ɗan allo a gefen ido, mai nuna saƙo ko agogo, wanda duk inda ka juya kai yana biye da kai kamar ƙuda. Na yaron Circle kuwa, shi ne a ce Hajiya ta sa cokali ta ɗebi na wanda ke tsaye kusa da kai ta ajiye a lalitarta. Zan dawo kan wannan.

Kalmar kanta a masana'anta aka haife ta, nesa da wasan yara. Wajen 1990, wani injiniya a kamfanin jiragen sama na Boeing a Amurka, Tom Caudell, shi da abokin aikinsa David Mizell, suna neman sauƙaƙa wa masu ɗaure wayoyin lantarki na jirgi. Ma'aikatan nan a kan manyan alluna suke shimfiɗa wayoyin, kowane samfurin jirgi da nasa allon da nasa zanen. Sai suka ce, me zai hana ma'aikaci ya saka wani abu a ido wanda zai zana masa hanyar kowace waya a kan allon da ba a rubuta komai ba? Duk wanda ya taɓa ganin mai gyaran wayoyin mota a Abossey Okai, ko a Suame Magazine ta Kumasi, ya tsuguna yana bin jar waya da baƙar waya cikin cunkoso, ya san darajar wannan tunani. Amma zanen ba shi da amfani sai ya zauna a kan allon. Idan ma'aikaci ya karkata kai layin ya gusa da ɗan yatsa ɗaya, waya ta shiga ramin da ba nata ba, a jirgin sama kuwa.

Shi ya sa da wani masani, Ronald Azuma, ya zo tsara ma'anar a 1997, ya ce sai abu ya haɗa zahiri da ƙirƙirarren hoto, ya amsa motsinka nan take, sannan hoton ya kafu a wurinsa ta tsawo da faɗi da zurfi. Sharaɗin ƙarshen nan shi ne ke kayar da kusan duk abin da ake tallatawa. Kuma duk mai kallon ƙwallo a gidan kallo ya san shi ba tare da ya san sunansa ba. Idan za a buga firikik, ka ga an zana da'ira a kan ciyawa, ko layin satar gida, ko tambarin kulob a tsakiyar fili. Kyamara ta juya, zanen bai motsa ba. Ɗan wasa ya bi ta kansa, ƙafarsa ta rufe shi kamar fenti ne na gaske. Tun 1998 Amurkawa suka fara irin wannan layi a ƙwallonsu ta talabijin. Ka ga AR ke nan ba tabarau, kamar yadda ake samun tabarau ba AR.

To a ɗora kayan kasuwa a kan wannan sikeli. Ray-Ban Meta, na kamfanin Meta mai Facebook, da ya fito a 2023 a kan dala 299, wanda galibin na Circle kwaikwayonsa ne, ba shi da allo ko kaɗan. Kyamara ce da lasifika da makirufo, da manhajar da kake tambaya ta amsa a kunne. Google Glass na 2013, mai dala 1,500, ɗan allo ne a saman idon dama, gyara a leda, kuma a farkon 2015 aka daina sayar wa jama'a. Meta Ray-Ban Display na watan Satumban 2025, dala 799, shi ma taga ce ƙarama a gilashin dama, da wani abin ɗaurawa a wuyan hannu mai karanta motsin tsoka. Ban raina tagar ba. Kurma da zai ga maganar mutane a rubuce a gabansa ya samu abu babba. Sai dai sunanta allo. Vision Pro na Apple kuwa, da ya fito a 2024 a kan dala 3,499, idonka a rufe yake ruf, kyamarori ne ke nuna maka ɗakin da kake ciki, batir ya mutu ka koma cikin duhu.

Waɗanda suka cika sharuɗɗan, kana kuma ganin duniya kai tsaye ta cikin gilashinsu, kaɗan ne, kuma da ka ga siffarsu ka san wahalar da ke ciki. HoloLens 2 na Microsoft ya haura rabin kilo a ka, dala 3,500, kuma a 2024 aka daina ƙera shi. Spectacles na kamfanin Snap na 2024 giram 226 ne, batirinsa minti 45, ko daga Madina zuwa Circle a cunkoson safe ba zai kai ka ba. Orion da Meta ya nuna a watan Satumban 2024 ya yi kama da tabarau na gaske, amma gwaji ne, ba a sa shi kasuwa ba.

Me ya sa abin ya yi wuya haka? Ido ba ya iya karanta abin da aka manna masa a kan hanci, gwada da jarida ka gani. Don haka ake ɓoye ɗan mitsitsin majigi a ƙafar tabarau, ya harba haske cikin gilashin ta gefe. Gilashin kansa magudana ce: hasken yana karo da bangon ciki yana dawowa, ba ya fita, har ya iso gaban ƙwayar ido, inda aka yi wasu tsage-tsage da suka fi gashi siranta nesa ba kusa ba, su karkato shi cikin ido kamar daga nesa ya taso. A wannan tafiya yawancin hasken zubewa yake yi. Ga kuma matsalar da ba a faɗa a talla: irin wannan gilashi ƙara haske kawai ya iya. Babu tocilan da ke haska duhu, saboda haka baƙi a wurinsa fanko ne, duk abin da ke baya sai ya leƙo. A ɗakin gwaji mai labule hoton zai yi kyau. Ka fito da shi da rana tsaka a Kwame Nkrumah Interchange, ya yi takara da ranar Accra, ka ga yadda zai koɗe.

Faɗin abin da ake gani ma ƙunci gare shi. Idanun mutum biyu suna ɗaukar kusan digiri 200 daga hagu zuwa dama. Spectacles 46 yake bayarwa, HoloLens 2 kuma 52, kamar mai leƙen tsakar gida ta tagar zaure. Orion ya kai 70, amma sai da aka bar gilashi aka koma wani ma'adini mai tsada, silikon kabaid, wanda ya fi lanƙwasa haske.

Sai babban aikin, wato sanin wuri. Kafin hoto ya zauna a kan teburinka, dole na'urar ta san inda teburin yake da inda kanka yake, a kowane ƙiftawa. Kyamarori suna kama kusurwoyi da tabo a bango suna gina taswirar ɗakin, wasu na'urori irin na cikin waya suna auna juyawar kai, a sake zana hoton cikin ƙasa da kashi 20 cikin 1000 na daƙiƙa. Ya wuce haka, hoto ya yi iyo, kai ya fara juyawa. A cikin trotro, motar hayarmu, abin ya fi rikicewa, domin kyamara tana ganin kujeru a tsaye tana cewa ba a motsi, ma'aunin motsi kuma yana jin direba ya faɗa rami yana cewa ana gudu. Duk wannan lissafi zafi yake haifarwa, batir yake ci, a kan abin da ake so ya zauna a karan hanci daga asuba zuwa isha'i.

Na ce zan dawo kan cokalin Hajiya, kuma a nan ne kuskuren sunan ya daina ba ni dariya. Idan aka ce AR, mai ji yana zaton abin mai sakawa ya shafa, shi da idonsa. Alhali tabaran da ke yawo yanzu bai ƙara wa mai shi komai a ido ba, daga fuskar mutanen da ke gabansa yake ɗiba. Waya idan an ɗaga ta kowa ya gani, mace ta ja mayafi, dattijo ya ɗaga hannu ya ce a'a. Wannan kuwa sai ɗan farin haske a kusurwa, na asalin ke nan, wanda ba kowa ya san ma'anarsa ba. A 2024 wasu ɗalibai biyu na jami'ar Harvard suka haɗa irin wannan tabarau da manhajar gane fuska, suka nuna ana iya samo sunan baƙo da adireshinsa daga kallo ɗaya. Ka auna wannan da gidajenmu na haya a zango, ɗaki goma tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, ko wurin suna da biki inda mata ke sakewa. Gana tana da dokar kare bayanan mutane tun 2012, Doka ta 843, amma kafin mutum ya kai ƙara sai ya san an ɗauke shi. Da a ce tun farko an kira abin tabarau mai kyamara, da mai gida ya san abin da zai ce wa baƙon da ya shigo da shi tun daga ƙofa.

Don haka ni dai a bakina uku ne: tabarau mai kyamara, tabarau mai allo, sai na ukun da nake so mu riƙa ce wa tabarau mai gyara. Gwajinsu kuma bai fi daƙiƙa biyar ba. Ka saka, ka ce a ajiye maka wani hoto a kan tebur, ka juya kai, ka dawo. Ka same shi inda ka bar shi, to shi ne.

Da na koma karɓar wayata na yi wa yaron shagon wannan bayani, har da waakye da leda. Ya saurara da ladabi, ya gyaɗa kai, ya ce, "Alhaji, gaskiya ne, amma a jikin kwalin haka aka rubuta." Ya juyo mini kwalin, ga AR ɗin kuwa da manyan baƙaƙe masu ruwan zinari. Ina sa gilashina na karatu don in duba ƙananan rubutun da ke ƙasa, ya riga ya tare wani saurayi da ke wucewa.