Hawan Tsaunin Obudu da Ƙafa: Tambayoyin da Ake Yi Kafin a Ɗaura Takalmi

Wanda ya taɓa ganin hoton ƙofar nan mai ƙaton kan sa da ƙahoni ya ga Obudu, ko da bai riƙe sunan ba. Mutanenmu kan je, a ɗauke su hoto a gindin ƙahonin, mota ta haura da su, su kwana biyu a ɗaki suna shan shayi, su dawo gida. Abin yana damuna, domin daɗin wurin yana can gaba da inda kwalta ta ƙare, kuma ƙafa ce kaɗai ke kai mutum. Ga tambayoyin da masu niyyar zuwa suka fi yi.

Ina ne Obudu, kuma me ya kai shanu kan tsauni?

Wurin shaƙatawar yana kan tudun Obudu, cikin jerin tsaunukan Sankwala, a ƙaramar hukumar Obanliku ta jihar Kuros Riba, dab da iyakar Kamaru. Tsayinsa ya kusa mita 1,600 daga doron teku. Jos, da muke kira garin sanyi, tana wajen mita 1,200 ne.

Asalinsa wurin kiwo ne, shi ya sa har yau mutane ke ce masa Ranch. Wani Bature ɗan Sikotilan mai suna McCaughley ya zagaya tsaunukan a 1949, aka kafa gonar shanun a 1951. Dalilin zaɓen wurin ba baƙo ba ne ga duk wanda ya san kiwo. A dazuzzukan kudu ƙudan tsando na sa wa shanu sammore, amma ba ya jure sanyin kan tudu, ga kuma ciyawa shimfiɗe iya ganinka. Abin da ya ja Fulani zuwa Mambila ke nan. Daga baya masauki ya rinjayi kiwo, musamman zamanin gwamna Donald Duke, lokacin da aka faɗaɗa wurin, aka kuma kafa motar igiya mai ratayuwa a sama a 2005. Mutanen Becheve ne 'yan ƙasa a kan tudun, ƙauyukansu na nan kewaye da masaukin.

Daga Arewa ta ina ake bi?

Ba sai an je Kalaba ba, zagaye ne mai nisa. A bi ta Lafiya zuwa Makurɗi, a wuce Gboko, a ratsa Vandeikya a shiga garin Obudu. A nan mutane ke ruɗewa: garin Obudu daban, tsaunin daban, akwai tafiyar fiye da awa ɗaya tsakaninsu. A tsara tafiya yadda za a iso gindin tsaunin da sauran rana.

Daga ƙofar ƙasa zuwa sama kilomita 11 ne, hanya tana nannaɗe kamar maciji, da kwanoni masu kaifi wajen 22. Direban da ya saba da miƙaƙƙiyar hanyar Kano zuwa Zariya ya sauko da ƙaramin giya, kada ya ɗora wa birki duk nauyin, domin birki na zafi ya daina kamawa. Motar igiyar, mai tsawon kusan kilomita 4, ta sha tsayawa na dogon lokaci, saboda haka a tambaya kafin a sa ta cikin lissafi.

Sanyin da ake faɗa, gaskiya ne ko zuzutawa?

Gaskiya ne, amma ba irin wanda muka sani ba. Iska tana rasa kimanin digiri 6 da rabi a duk mita 1,000 da aka hau. Wannan shi kaɗai ba zai kayar da wanda ya sha hunturun Katsina ba. Bambancin shi ne sanyinmu busasshe ne, na tsagewar leɓe da kaushi, wanda bargo da rana ke magancewa. Na Obudu jiƙaƙƙe ne. Gajimare ne ke sauka ya lulluɓe ka, rigarka ta yi danshi ba tare da ka ga ɗigon ruwa ba, sannan iska ta bugo daga kwari. Jiki jiƙe yana zubar da ɗuminsa da sauri fiye da busasshe nesa ba kusa ba.

Mai tafiya kuwa ya fi kowa shiga wannan hali, saboda yana hawa yana gumi. Da ya tsaya hutawa a kan tudu, gumin ya huce a jikinsa, sai rawar ɗari. Idan abokin tafiyarka ya fara karkarwa, maganarsa ta fara sarƙewa, yana tuntuɓe a inda babu dutse, kada a ce masa ya daure. A cire masa jiƙaƙƙiyar riga, a sa masa busasshiya, a ba shi abu mai zaƙi da ɗumi, a juya.

Ban taɓa hawa dutse ba. Zan iya?

Za ka iya, in dai kana iya tafiyar awa biyu a ƙasa ba tare da ka galabaita ba. Ba hawan igiya da ƙugiya ake yi a nan ba, tafiya ce a kan tuddan ciyawa da 'yan hanyoyin ƙafa. Ciwon nan na ƙarancin iska da ke kama masu hawa manyan tsaunuka galibi yana farawa ne daga wajen mita 2,500, Obudu kuwa bai kai nan ba. Za ka ji haki ya fi na kullum, shi ke nan. Mai hawan jini, ciwon zuciya ko asma ya ga likitansa tukuna, ya kuma riƙe maganinsa a aljihu, ba a ɗaki ba.

Akwai wani lissafi da wani mai hawan tsaunuka, William Naismith, ya fitar a 1892, har yau ana amfani da shi: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. A gwada shi a kan hanyar motar Obudu. Kilomita 11 ta ci awa biyu da 'yan mintoci, hawan kusan mita 800 ya ƙara awa ɗaya da minti 20, an tasar wa awa uku da rabi ke nan, ban da hutu. A wannan hanyar aka riƙa yin gasar tseren tsauni ta duniya da aka fara a 2005, mai kyautar dala 50,000 ga wanda ya zo na ɗaya, inda 'yan tseren Habasha da Kenya ke gamawa cikin minti arba'in da 'yan kai. Na kawo su ne don a ga girman tazarar, kada wani saurayi ya ce zai gwada ƙwanji a ranar farko.

Shiri mafi sauƙi yana ƙofar gida. Bakano ya hau Dala ko Goron Dutse sau biyu a mako har wata guda, Bazazzagi ga Kufena. Wanda ba shi da dutse kusa ya nemi bene.

Ina ake takawa, me ake gani?

Ni a ganina a fara da dajin Becheve. Guntun kurmi ne na kan tsauni da aka keɓe, kuma da ka shiga sai ka ji kamar an rufe ƙofa a bayanka: iska ta tsaya, haske ya ragu, gansakuka ta rufe jikin itatuwa, ƙasa tana laushi a ƙarƙashin takalmi. A ciki akwai gadar igiya da aka rataya tsakanin itatuwa, ana bi a ga kurmin daga sama. Tana lilo, haka aka yi ta. A riƙe da hannu biyu, a bar tazara tsakanin mutum da mutum. Masu sha'awar tsuntsaye daga ƙasashe da dama na zuwa nan, domin akwai irin da ba a samu sai a tsaunukan iyakar Najeriya da Kamaru. Sai an yi shiru ake ganinsu. Ayarin da ya shigo da waƙa a waya ba zai ga ko ɗaya ba.

Sai tudun da ake kira Holy Mountain, wato dutse mai tsarki, inda in gari ya washe ake hango tsaunuka jere har cikin Kamaru. Akwai wani ɗan kogo mai ruwan sanyi a kwari, da magangarar ruwa da ake sauka a gani. Waɗannan na kwari su ne masu yaudara, domin da sauka ake farawa, mutum na jin daɗi, ya manta cewa duk takun da ya yi ƙasa bashi ne da zai biya a dawowa.

Wane lokaci ya fi?

Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Ruwa ya ja baya, ciyawa ba ta bushe ba, ƙurar hunturu ba ta iso ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu hanyoyi sun bushe, tafiya ta yi sauƙi, amma hazo na iya rufe nesa, ciyawa ta yi ja, wani wurin ma an ƙone ta. Lokacin Kirsimeti kuma cika ake yi. Tsakiyar damina ruwan wurin ya ninka na Kano sau da yawa, ƙasa na santsi, ga tsawa. In hadari ya haɗo kana kan tudu, sauka, kuma kada ka fake gindin itacen da ke tsaye shi kaɗai.

Me zan sa, me zan riƙe?

Takalmi ne kan gaba. Kambas mai ƙasa mai tsaga-tsaga, wanda ƙafa ta riga ta saba da shi. Sabon takalmi zai fitar maka da bororo kafin azahar, silifas kuwa a bar su a banɗaki. A yanke farcen ƙafa kafin a taso.

Tufafi a sa su hawa-hawa: 'yar shara a ciki, rigar sanyi a kai, sannan rigar ruwa mai tare iska. Riguna uku marasa nauyi sun fi ƙatuwar kwat ɗaya, domin ana ragewa a ƙara yadda jiki ya nema. A sa busasshiyar riga ɗaya cikin leda a jaka. Dogon wando ya fi, a cusa ƙafarsa cikin safa, saboda inda shanu ke kiwo ba a rasa kaska. Mata ba sai sun sauya shigarsu ba, gyara kaɗan ne: wando a ƙarƙashin doguwar riga mai faɗi, da hijabi madaidaici wanda iska ba za ta riƙa fizga ba, wanda kuma ba zai hana ganin inda ake taka ƙafa ba. Zani yana ɗaure taku a wurin hawa.

Ruwa lita biyu ga kowane mutum. Sanyi na ɓoye ƙishirwa, sai ciwon kai ya zo mutum ya gane. Dabino da gyaɗa sun wadatar a hanya, kilishi a bar shi sai an dawo don yana ƙara ƙishi. Tocila, ko da da safe aka fita. Ledar da ka shigo da ita kuma ka fita da ita. Saniya na haɗiye leda ta toshe mata ciki, kuma duk mai zuwa mahauta ya san abin da ake cirowa daga tumbi.

Dole ne sai da ɗan rakiya? Ai akwai taswira a waya.

Dole ne. Gajimare na iya rufe tudun cikin 'yan mintoci har ka kasa ganin wanda ke taku goma a gabanka, tuddan ciyawa kuwa duk kamarsu ɗaya, kuma wasu na ƙarewa ne a bakin rami mai zurfi. Sabis na waya yana zuwa yana ɗaukewa. Taswira ba ta san hanyar da ruwa ya zaftare bara ba, ba ta san gonar wani ko wurin da 'yan gari ke girmamawa ba. Ga kuma iyaka, wadda ba katanga gare ta ba, kuma yankin Kamaru da ke ƙetare ya yi shekaru cikin rikici. Ɗan Becheve da ya tashi yana bin tuddan nan ya san duk wannan. A nemi ɗan rakiya ta hannun masauki, a yi ciniki kafin a tashi, a biya shi da kyau, a kuma faɗa wa wani a masaukin inda aka nufa da lokacin dawowa. In hazo ya rufe kuma an rabu, a tsaya wuri ɗaya a yi kira.

Me ya sa ake cewa saukowa ta fi hawa wuya?

Hawa na cin numfashi, sauka na cin gwiwa, kuma a sauka aka fi faɗuwa saboda an gaji, hankali ya koma gida. A gajarta taku, a ɗan lanƙwasa gwiwa, inda ya yi tsaye sosai a sauka a kaikaice. Sanda irin ta makiyayi tana rage wa gwiwa nauyi ƙwarai. A ƙara ɗaure igiyar takalmi kafin a fara gangara, don kada yatsu su riƙa dukan gaba.

Za a ga gwaggon biri?

A'a, kada a sa rai. Gorilar Kuros Riba, wadda ba ta kai 300 ba a duniya, tana can cikin kurmin Afi, tsaunukan Mbe da sashen Okwangwo na gandun dajin ƙasa, kuma tana gudun mutane. Mai son ganin birai ya ware kwana ɗaya ya je Afi, inda ake kula da wani irin biri mai baƙar fuska da ake kira dril.

Salla da abinci fa? Kuma za a iya zuwa da yara?

Matafiyi na da sauƙin ƙasaru. Alƙibla tana gabas, a ɗan karkata arewa, kuma gara a tantance ta tun da rana, domin hazo na ɓoye mafitar rana da asuba. Ruwan alwalar asuba kamar ƙanƙara yake, a ajiye na ɗumi a filas tun dare. Batun nama, a tambayi wanda ya yanka ba tare da jin nauyi ba. In ba a gamsu ba ga kifi, ƙwai, doya da ayaba, ga kuma zumar yankin da ake sayarwa.

Yara kan ji daɗin wurin fiye da manya. Wanda ya kai shekara bakwai ko takwas zai iya gajerun hanyoyi da dajin Becheve, babba ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Jikin yaro na yin sanyi da sauri fiye da na babba, kuma ba zai faɗa ba muddin wasa na daɗi, saboda haka a riƙa taɓa hannunsa. In ya yi sanyi ƙalau, a sa masa hula da busasshiyar riga, a nufi masauki.