Gobero: Mazaunin Bakin Tafki a Tsakiyar Hamada

Gobero tsohon mazauni ne kuma maƙabarta a hamadar Tenere, cikin jihar Agadez ta Jamhuriyar Nijar. A shekarar 2000, ayarin Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya fita neman ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da, sai ya yi kiciɓis da ƙasusuwan mutane da iska ta tono daga yashi. Daga baya an gano kaburbura kusan 200.

Inda yau babu ko inuwar bishiya, da can bakin tafki ne. A lokacin, iskar damina tana kai ruwa har tsakiyar Sahara, tafkin Chadi kuma ya ninka girmansa na yanzu sau da yawa.

Mutanen farko, waɗanda masana ke kira Kifiyawa, sun zauna a wurin daga kusan shekara ta 7700 zuwa 6200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Dogaye ne ƙarfafa, masunta da mafarauta. An samu zagonsu da ƙugiyoyinsu na ƙashi, tare da ƙasusuwan giwan ruwa, kada da dorina. Sai fari ya sauka na kusan shekara dubu, tafkin ya ƙafe, suka watse.

Da ruwa ya dawo wajen shekara ta 5200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wasu mutane dabam ne suka zo, Tenerawa, gajeru masu siririn jiki. Sun san kiwon shanu, amma ba su bar kamun kifi da farauta ba. Abin mamaki, sun binne matattunsu a tudun da na farko suka binne nasu. Kabarin da ya fi shahara na wata mace ne da yara biyu suna fuskantar juna, hannuwansu a sarƙe. Ƙurar fure da aka gani a ƙarƙashinsu ta sa ake ganin a kan furanni aka kwantar da su. Akwai kuma yarinya da awarwaron hauren dorina a damtse.

Fari na biyu bai ɗaga ba. Sauyin da ke faruwa sannu a hankali a yadda duniya ke karkata ga rana ya rage ƙarfin damina, ruwan sama ya ja kudu. Wajen shekara ta 2500 Tenerawa sun bar Gobero, yashi ya rufe tafkin da kaburburan.